Darasi na 12: Juya Jimlar Turanci Daga Ginin Aikau Zuwa Ginin Karɓau

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi ana so kowane ɗalibi ya iya:

1. bambance jimlar da aikau ke gabanta da wadda karɓau ke gabanta;
2. juya jimlar Turanci daga gini na farko zuwa na biyu ba tare da ya ɓata lokacinta ba;
3. gane jimlolin da ba sa juyuwa ko kaɗan;
4. karanta saƙon banki da wasiƙar ofis da kwalin magani, ya san wa aka yi wa me.

1. Abin da kuka riga kuka sani

Duk mai jin Hausa ya san rabin wannan darasi tun kafin ya shigo aji. Kullum sai mun ce "An ɗauke wuta", ko "Ana gyaran hanya", ko "Za a biya albashi gobe". A maganganun nan an faɗi aikin, an faɗi abin da aikin ya faɗa wa, amma an yi shiru game da wanda ya aikata. Wa ya ɗauke wutar? Ba a faɗa ba, kuma ba mai tsayawa tambaya. Ko karin magana haka take zuwa: ba a fafe gora ranar tafiya. Ba ruwanmu da mai fafewar, aikin ake magana a kai.

Turanci ma yana da hanyar yin irin wannan magana, sai dai gininsa daban ne. Hanyar yau da kullum, wadda mai aiki ke zuwa a farko, sunanta *active voice*. Mu za mu kira ta ginin aikau. Ɗaya hanyar sunanta *passive voice*; ita ce ginin karɓau. Ku riƙe sunayen Turancin nan biyu, domin su za ku tarar a littattafai da takardun jarrabawa.

Mu tuna kalmomi uku na nahawu. Aikau shi ne mai yin aiki. Aikatau shi ne kalmar da ke nuna aikin. Karɓau shi ne wanda aikin ya faɗa wa. Ku duba:

*The tailor sewed the gown.* Tela ya ɗinka rigar.
*The gown was sewn.* An ɗinka rigar.

Ma'ana ɗaya ce, amma ku lura da mazaunin riga. A Hausa tana nan inda take, bayan aikatau. "An" kawai muka sa a gurbin tela. A Turanci kuwa rigar ta taso daga ƙarshe ta dawo farkon jimla. Wannan shi ne babban bambancin, kuma daga nan yawancin kura-kurai ke tasowa. Da yawa sukan mayar da "an" zuwa *they*, su ce *They have paid salary*. A hira za a fahimta. A wasiƙar ofis kuwa abin da ake rubutawa shi ne *Salaries have been paid*.

2. Karatu

Ku karanta waɗannan jimloli a bayyane, sannan kowa ya faɗi ma'anarsu da Hausa.

*The Northern and Southern Protectorates were amalgamated in 1914.*
*Gaskiya Ta Fi Kwabo was first published in 1939.*
*Ahmadu Bello University was founded in 1962.*
*Kano State was created in 1967.*
*The naira was introduced in 1973.*
*The seat of government was moved from Lagos to Abuja in 1991.*

Za ku ji cewa kowace fassara da "an" ta fara: an haɗe Arewa da Kudu a 1914, an fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, an kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, an ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, an fito da naira a 1973, an mayar da mazaunin gwamnati daga Legas zuwa Abuja a 1991. Littattafan tarihi cike suke da wannan gini, saboda abin da ya faru da shekarar da ya faru su ne abin riƙewa.

Yanzu ku sake duba jimlolin. A kowacce akwai kalmomi biyu da ke tafiya tare: *were amalgamated*, *was founded*, *was created*. Su ne ginshiƙan darasin.

3. Ginshiƙai biyu

Ginshiƙi na farko shi ne aikatau *be* a ɗaya daga cikin sigoginsa: *am, is, are, was, were, be, being, been*. Na biyu shi ne siga ta uku ta aikatau ɗin jimlar, wadda ake kira *past participle*. Zamansu kamar turmi da taɓarya ne: siga ta uku tana zaune daram, ba ta motsi, *be* ne ke hawa da sauka. Shi ke nuna lokaci, shi ke nuna tilo ko jam'i. Idan ɗaya ya ɓace, ginin ya rushe. *The letter written yesterday* ba cikakkiyar jimla ba ce. *The letter was write* kuma ba Turanci ba ne.

Yawancin aikatau na Turanci da *-ed* suke yin siga ta biyu da ta uku: *repair, repaired, repaired*, *cook, cooked, cooked*. Waɗannan ba su da wuya. Masu taurin kai su ne waɗanda ba sa bin wannan ƙa'ida, kuma su aka fi amfani da su. Ba su da wani magani sai hadda:

| Siga ta 1 | Siga ta 2 | Siga ta 3 | Ma'ana |
|---|---|---|---|
| write | wrote | written | rubuta |
| take | took | taken | ɗauka |
| give | gave | given | bayar |
| steal | stole | stolen | sata |
| break | broke | broken | fasa, karya |
| eat | ate | eaten | ci |
| see | saw | seen | gani |
| sell | sold | sold | sayar |
| buy | bought | bought | saya |
| pay | paid | paid | biya |
| build | built | built | gina |
| cut | cut | cut | yanka |

Ku fi mai da hankali ga bakwai na farko, inda siga ta biyu da ta uku suka sha bamban. *My phone was stole* kuskure ne. Daidai shi ne *My phone was stolen*.

4. Matakai biyar

Mu ɗauki jimla guda mu bi ta a hankali: *The nurse vaccinated the children.*

Mataki na 1: a ware aikau da aikatau da karɓau. A tambayi aikatau, "Wa aka yi wa?" ko "Me aka yi wa?" Amsar ita ce karɓau. A nan *the children* ne.

Mataki na 2: a kawo karɓau farkon jimla. *The children …*

Mataki na 3: a duba lokacin jimlar asali, a zaɓi sigar *be* da ta dace. *Vaccinated* aiki ne da ya wuce, saboda haka ko *was* ko *were*. Wanne? Wanda ya dace da wanda ke gaba yanzu. Yara jam'i ne, sai *were*. Ma'aikaciyar jinya ita kaɗai ce, amma ta riga ta bar gaban jimla, ba da ita za a auna ba.

Mataki na 4: a sa siga ta uku. *The children were vaccinated …*

Mataki na 5: idan akwai amfani a ambaci aikau, a kawo shi a ƙarshe da *by*. *The children were vaccinated by the nurse.*

A mataki na 3 akwai tarko ga Bahaushe. Mu mukan ce "kuɗin sun shigo", amma *money* tilo ne a Turanci: *The money was paid*. Haka *rice, water, furniture, luggage, information*, duk da *is* ko *was* suke tafiya.

5. Jadawalin lokuta

Ƙa'idar ita ce lokaci ba ya canzawa. Abin da ya wuce ya wuce a kowane gini, abin da ke tafe yana nan tafe. Ga bakanike da mota:

| The mechanic … the car | The car … | Da Hausa |
|---|---|---|
| repairs | is repaired | akan gyara motar |
| is repairing | is being repaired | ana gyaran motar yanzu |
| repaired | was repaired | an gyara motar |
| was repairing | was being repaired | ana cikin gyaranta a lokacin |
| has repaired | has been repaired | an riga an gyara ta |
| had repaired | had been repaired | an gyara ta tun kafin lokacin |
| will repair | will be repaired | za a gyara ta |
| can repair | can be repaired | za a iya gyara ta |
| must repair | must be repaired | dole a gyara ta |

Ku bi layi na tsakiya da yatsa daga sama zuwa ƙasa. *Repaired* bai motsa ba ko sau ɗaya.

Kalmomi biyu a jadawalin suna rikita mutane saboda sun yi kama a kunne: *being* da *been*. *Being* na nufin ana cikin yi, kuma yana bin *is, are, was, were*. *Been* na nufin an gama, kuma yana bin *has, have, had*. Direban da aka turo wa saƙo cewa *The bridge is being repaired* sai ya nemi wata hanya, domin ma'aikata na kan gadar. Wanda aka ce wa *The bridge has been repaired* kuwa ya kama hanya abinsa. Harafi ɗaya ko biyu ne tsakaninsu, amma ɗaya ya kwana a gida, ɗaya ya kwana a bakin kogi idan ya karanta ba daidai ba.

6. Yaushe ake kawo *by*?

Ba kullum ba. Akan bar aikau idan ba a san shi ba: *My goat was stolen*. Akan bar shi idan kowa ya san shi: *The thief was arrested*, ai an san aikin 'yan sanda ne. Kuma idan aikau ɗin *someone* ne, ko *people*, ko *they* da ba a san ko su wane ne ba, zubar da shi ake yi. *Someone has locked the gate* ya koma *The gate has been locked*. Ƙara *by someone* ɓata tawada ne.

Ana kawo *by* ne idan sunan mai aikin shi ne labarin:

*Magana Jari Ce was written by Abubakar Imam.*
*Penicillin was discovered by Alexander Fleming in 1928.*

Wajen mayar da irin waɗannan Hausa kada ku ce "an rubuta shi daga Abubakar Imam". Hausa ba ta haɗa "an" da sunan mai aiki haka. Cewa ake yi: Abubakar Imam ne ya rubuta Magana Jari Ce.

Kada kuma a haɗa *by* da *with*. *By* na mai aiki ne, *with* na abin da aka yi aikin da shi: *The meat was cut by the butcher with a knife.* Mahauci ne ya yanka, da wuƙa ya yanka.

7. Wakilin suna da korewa da tambaya

Wakilin suna yana sauya kama idan ya sauya mazauni. *I* da *me*, *he* da *him*, *she* da *her*, *we* da *us*, *they* da *them*: na farko a gaban jimla, na biyu a bayan aikatau ko bayan *by*. *She helped him* ya zama *He was helped by her*. *You* da *it* ba sa sauyawa.

A jimlar korewa, *do, does, did* sukan fita, *be* ya karɓi *not*:

*They did not pay the labourers.*
*The labourers were not paid.*

A tambaya ma haka, sai dai *be* ya zo farko:

*Did they pay the labourers?*
*Were the labourers paid?*

Tambayar da ta fara da *who* tana da hanya biyu. *Who signed this form?* tana iya zama *Who was this form signed by?* ko *By whom was this form signed?* Ta biyun ta fi dacewa da rubutu.

8. Jimla mai karɓau biyu

Aikatau irin su *give, send, teach, show, promise* sukan zo da mutum da kuma abu. *The school gave her a certificate.* Kowanne a cikin biyun yana iya zuwa gaba:

*She was given a certificate.*
*A certificate was given to her.*

Duka daidai ne, amma ta farko aka fi ji a bakin masu harshen, kuma ita ce ta yi daidai da tamu: an ba ta takardar shaida. Idan abin ne ya zo gaba, kada a manta da *to*.

9. Ba kowane "an" ke juyuwa ba

Nan ne hanyar Hausa da ta Turanci suka rabu, saboda haka ku natsu. "An" namu yana shiga ko'ina. Mukan ce "an zo", "an tafi kasuwa", "an yi ruwa jiya". Har don girmamawa ko kunya mukan yi amfani da shi: a ce wa dattijo "An dawo lafiya?", ko matar gida ta ce "An fita" tana nufin maigidanta. Ginin karɓau na Turanci ba shi da wannan faɗi. Sharaɗinsa ɗaya ne: sai da karɓau. Idan babu abin da za a kawo gaba, babu juyi.

Aikatau ƙi-karɓau irin su *come, go, arrive, sleep, fall, die, happen* ba sa shiga wannan gini. An yi ruwa: *It rained*. An zo da yawa: *Many people came*. Ga kura-kuran da aka fi yi:

| Kuskure | Daidai |
|---|---|
| He was died last year. | He died last year. |
| The accident was happened at night. | The accident happened at night. |
| The lorry was arrived. | The lorry arrived. |
| I born in Katsina. | I was born in Katsina. |

Na ƙarshen akasin sauran ne. Haihuwa yi wa mutum ake yi, shi ya sa muke cewa "an haife ni", shi ya sa kuma dole *was* ya shigo. Ku bambance *die* da *kill* ma: *He died*, ya rasu, *He was killed*, an kashe shi.

Akwai kuma 'yan aikatau da ke da karɓau amma ba sa juyuwa, saboda ba aiki suke nunawa ba, mallaka ce ko kama: *She has two shops*, *He resembles his father*. A bar su yadda suke.

10. Inda za ku gamu da shi

Ku ɗauko wayarku ku duba saƙon banki. *Your account has been credited* na nufin an saka muku kuɗi. *Your account has been debited* na nufin an cire. A kwalin magani za ku ga *to be taken three times daily*, wato a sha sau uku a rana, ko *should not be given to children*, wato kada a ba yara. A amsar wasiƙar neman aiki akwai *has been received*, an karɓa; *has been approved*, an amince; *has been rejected*, an ƙi; *You are invited*, ana gayyatar ku.

Ƙaramar kalmar nan *was* tana iya juya magana gaba ɗaya. *I paid* na nufin na biya. *I was paid* na nufin an biya ni. *He robbed* ɓarawo ke nan, *He was robbed* kuwa wanda aka yi wa fashi. Duk takardar ciniki ko ta bashi ko bayanin da za ku sa wa hannu, ku nemi wannan kalma kafin ku taɓa biro.

Ku kuma sani ana fakewa da wannan gini. Yaron da ya ce "An fasa kofin" ya san wanda ya fasa. Haka wasiƙar da ta ce *Your file has been misplaced*: an ɓatar da fayil, amma ba a ce wane ne ba. Idan abin ya shafi haƙƙinku, ku yi tambaya cikin ladabi: *By whom?* In ku ne masu rubutu, kuma kun san mai aikin, ginin aikau ya fi gajarta, ya fi fitar da magana fili.

Taƙaitawa

Karɓau ya zo gaba. *Be* ya ɗauki lokacin jimlar asali, ya dace da wanda ke gaba yanzu. Siga ta uku ta biyo baya. *By* sai in sunan mai aikin yana da amfani. Jimlar da ba ta da karɓau ba ta juyuwa, ko da a Hausa da "an" ta fara.

Aikin aji

A. Ku juya zuwa ginin karɓau. Akwai guda ɗaya da ba ta juyuwa. Ku nuna ta, ku faɗi dalili.

1. *The farmers grow millet.*
2. *Chinua Achebe wrote Things Fall Apart.*
3. *Someone has broken the window.*
4. *The workers are building a new clinic.*
5. *The guests arrived at noon.*
6. *They will not sell the house.*
7. *The bank sent me a message.*

B. Ku mayar da waɗannan Turanci:

1. An ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991.
2. Ana share kasuwa yanzu.
3. An haife ta a Zariya.
4. Dole a biya kuɗin yau.

C. Ku gyara: *The money were stole. The road has being closed. It was happened yesterday.*

Amsoshi

A. 1. *Millet is grown by the farmers.* 2. *Things Fall Apart was written by Chinua Achebe.* 3. *The window has been broken.* 4. *A new clinic is being built.* 5. Ba ta juyuwa, domin *arrive* ba shi da karɓau. 6. *The house will not be sold.* 7. *I was sent a message by the bank.*

B. 1. *Jigawa State was created in 1991.* 2. *The market is being swept now.* 3. *She was born in Zaria.* 4. *The money must be paid today.*

C. *The money was stolen. The road has been closed. It happened yesterday.*

Aikin gida

Kowa ya nemo jimloli biyar masu ginin karɓau daga abin da ke kusa da shi: saƙon waya, kwalin magani, rasit, sanarwar asibiti ko ta makarantar yara. Ya kwafe su a littafinsa, ya ja layi a ƙarƙashin *be* da siga ta uku, ya rubuta ma'anarsu da Hausa. A zo da su ranar darasi na gaba, tare da haddar aikatau 12 na sashe na 3.